Haƙƙin Soja da Bindigar da ke Hannunsa

Ranar Talata 14 ga Janairun 2020 ina gida a Soba, kudu maso gabashin Khartum, ina rubuta tambayoyin da zan yi wa baƙon shirina na yamma, sai na ji harbi. Da farko na ɗauka biki ne, domin a nan ba baƙon abu ba ne a harba bindiga sama ranar aure. Da na ji abin ya ƙi ƙarewa, kuma manyan bindigogi sun shigo ciki, sai na tattara yara muka koma ɗakin da ba shi da taga ta bakin titi. Ranar ban je aiki ba.

Masu harbin jami'an sashen ayyuka ne na tsohuwar hukumar leƙen asiri ta zamanin Umar al-Bashir. Bayan faɗuwarsa a watan Afrilun 2019, gwamnatin riƙon ƙwarya ta rusa sashen, aka ba mutanensa zaɓi: su shiga wata rundunar ko su karɓi kuɗin sallama su koma gida. Waɗanda suka zaɓi komawa gida suka ce abin da aka ba su bai kai haƙƙinsu ba. Suka buɗe wuta a sansanoninsu na Soba da Kafuri da unguwar Riyad, har aka rufe filin jirgin saman Khartum. Da dare sojoji suka ƙwace sansanonin. Rundunar soji ta ce an kashe mata mutum 2, an jikkata 4. Likitoci kuma suka ce harsashi ya kashe mutum 3 'yan gida ɗaya a kudancin birnin. Shugaban hukumar ya ajiye aiki. Wasu manya sun ce akwai hannun 'yan tsohuwar gwamnati a ciki, amma dalilin da aka faɗa a fili shi ne kuɗi.

Tun ranar wata tambaya take ci mini tuwo a ƙwarya. Idan mutum yana bin ka haƙƙi na gaskiya ka hana shi, shi kuma ya neme shi ta hanyar da ta cutar da wanda bai ji ba bai gani ba, ina laifin yake?

Bayan mako guda na buɗe layin waya a kan maganar. Yawancin masu kira tsinuwa suka yi ta yi wa masu harbin, kuma ban ga laifinsu ba. Can wajen ƙarshen shiri wata baiwar Allah ta kira, ta ce mijinta ƙaramin soja ne, ba ya cikin waɗancan. Ta ce sau uku ana canza masa wurin aiki cikin shekara shida. A na ƙarshen kwana kaɗan aka ba shi ya isa sabon bariki. Kuɗin motar kaya a wurin mai kantin unguwa suka ranto, ita kuma ta sayar da gadonta da zobenta suka kama haya. A takarda an rubuta cewa za a biya shi kuɗin ɗaukar kaya da na sauka, amma ofishin da ya baro ya ce na sabon wuri ne zai biya, na sabon wurin ya ce ai takardunsa suna can baya. Sai ta ce, "Malam, mijina bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. To shi da bai yi harbi ba, wa ya san da zamansa?" Na ce, "Hajiya, Allah ya kawo mafita." Na sa kiɗa, don ba ni da wata amsar.

Yanzu da na samu lokacin tunani, abu na farko da na tsaya a kai shi ne: wannan kuɗi bashi ne. Mutane da yawa, har da wasu masu riƙe da alƙalamin biya, suna kallonsa kamar alheri ne da hukuma ke yi idan ta samu sarari. Ɗan kasuwa idan ya tashi daga Kano ya koma Maraɗi, ribarsa ya bi, shi zai biya motarsa. Soja kuwa ba a shawara da shi. Umarni ake ba shi, idan ya ƙi ya yi laifin da za a hukunta shi. Wanda ya karɓe maka ikon cewa a'a, ya ɗauki nauyin abin da bin umarninsa zai jawo maka. Hausawa sun ce alƙawari kaya ne, a nan kuwa kayan na zahiri ne: katifa, tukwane, buhun hatsi, akwatin littattafan yara. Kuma abin da takarda ke lissafawa kaɗan ne daga cikin asarar. Ba wanda ke biyan matar da ta bar masu sayen ƙosanta na shekaru, ko yaron da ya rasa zangon karatu guda a hanya.

Abu na biyu, jinkiri ma ragi ne. Mu da muka zauna a Sudan a waɗannan shekaru mun ga haka da idonmu. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar kuɗin ƙasar, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa kusan 375 a farashin hukuma, kuma a shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin 100. Wanda aka riƙe wa kuɗin motar kaya shekara guda, ranar da aka ba shi da ƙyar su isa kuɗin amalanke. A littafin akawu an biya shi cif, a kasuwa kuwa an cinye masa fiye da rabi. Shi ya sa malamanmu suke lissafa jan ƙafa wajen biyan bashi, ga wanda yake da halin biya, a cikin zalunci.

Abu na uku shi ne ya fi damuna: soja ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Malamin makaranta yana da ƙungiya, yana iya yajin aiki. Ni ɗan jarida ina da makirfo. Soja kuwa a yawancin ƙasashenmu kukansa ta hannun na gaba da shi yake bi, wani lokaci ma ta hannun wanda yake kuka da shi. Idan suka haɗu su goma suka yi magana da murya ɗaya, sunan abin tawaye. A watan Yulin 2008 wasu sojojin Najeriya da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya suka tare hanya a Akure saboda alawus ɗinsu da suka ce an zaftare. A 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai, daga baya aka rage zuwa shekara 7. Abin ya daɗe. Ranar 1 ga Disambar 1944 sojojin Faransa suka buɗe wa sojojin Afirka ta Yamma wuta a sansanin Caroy kusa da Dakar, mutanen da suka dawo daga yaƙin duniya suna neman ariyas ɗinsu kafin a sallame su gida. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 a Akara aka harbe tsofaffin sojoji 3 suna kan hanyar kai wa gwamna takardar koke. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

Mai karatu zai iya cewa, to ashe ka wanke masu harbin Soba. Ban wanke su ba. Bindigar da ke hannun soja ba tasa ba ce, amana ce. Da kuɗin jama'a aka saye ta, aka ba shi don ya tsare irin gidan nan da aka fitar da gawa uku daga cikinsa. Direban da mai mota ya hana albashi yana da gaskiya, amma gaskiyarsa ba ta ba shi damar ya jefa fasinja a rami ba, domin fasinja ba su ci masa ko kwabo ba. Akwai kuma wata ɓarnar da ba a gani nan take. Duk ranar da harbi ya sa aka biya mutum, an koya wa sauran cewa biya yana bin ƙarar bindiga. Mijin waccan baiwar Allah sai ya yi asara sau biyu: an riƙe masa haƙƙi, an kuma nuna masa cewa ladabinsa ne ya jawo masa.

Akwai inda ni kaina na sha wahala kafin na yarda. Hukumar da waɗancan mutane suka yi wa aiki, jama'a sun daɗe suna tsoronta, kuma da yawa suna ganin ko sisi bai kamata a ba su ba. A zuciyata na so in bi wannan ra'ayi. Amma bashin wanda ba ka so ma bashi ne. In akwai wanda ya yi laifi a cikinsu, kotu ce wurin maganarsa, da sunansa da shaidu. Idan muka yarda a riƙa biyan haƙƙi gwargwadon farin jinin mai shi, gobe wani zai hau kujera ya ce mu ne marasa farin jinin.

Saboda haka laifi biyu ne, kuma ɗaya ba ya goge ɗaya. Sai dai ba a lokaci guda aka yi su ba. Na mai alƙalami shi ne na fari, shi ne kuma ya fi sauƙin kaucewa, tunda sa hannu kawai yake bukata.

Ta yaya za a raba irin wannan gardama kafin tura ta kai bango? Mutanen Sudan suna da al'adar sulhu da suke kira judiyya, inda dattawan da ake kira ajawid suke zama tsakanin masu jayayya. Mu ma mun san haka a zaurukan masu unguwa da sarakunan zango. Sharaɗin da ya sa ake jin maganar dattijo shi ne ba shi da rabo a cikin abin da ake jayayya a kai, kuma ba ya cin abinci a hannun ɗaya daga cikin masu faɗan. Rigimar soja da hukumarsa a nan take gurguncewa, domin wanda ake bi bashin shi ne alƙali. Wasu ƙasashe sun nemi magani. A Jamus tun 1959 akwai jami'in da majalisar dokoki ke zaɓa don sauraron koken sojoji, kuma kowane soja yana iya rubuta masa kai tsaye ba tare da ya bi ta hannun na gaba da shi ba. Afirka ta Kudu ma ta kafa ofishi mai kama da wannan a 2012. Dattijon zaure ne aka ba shi ofis da doka.

Bayan samun mai raba gardama, sauran abubuwan ba su da wuya. A rubuta adadin kuɗin a fili yadda soja da matarsa za su iya lissafawa da kansu. A ba shi kafin mota ta tashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗora biyan a wuyan ofishi guda, kada a bar mutum yana safa da marwa tsakanin biyu. In an yi saɓani a kan wani ɓangare, a biya wanda ba a jayayya a kansa nan take, a sa wa ragowar wa'adi.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, harbi ya sake tashi a kudancin Khartum, kusa da sansanin dakarun RSF da ke yankinmu. Wannan karon ba maganar alawus ba ce, maganar mulki ce da ta shigar da dakarun cikin rundunar soji, wasu suna cewa cikin shekara 2, wasu suna cewa 10. Amma ɗabi'ar ita ce dai: masu bindiga suna warware lissafinsu a tsakiyar gidajen mutane, ba dattijon da suke jin maganarsa. Sama da mutum miliyan 10 suka bar muhallinsu, ni ma ina cikinsu. Na sayar da kwamfutar da nake haɗa shiri da ita na biya motar da ta kai mu Wad Madani, muka bar gadaje da tukwane a Soba. Ni babu takardar da ta ce wani zai mayar mini.

A cikin motar nan na tuna da baiwar Allah da ta kira ni. Ranar na ba ta addu'a na sa kiɗa. Da yau ne, da na bar layin a buɗe, na tambaye ta nawa ne kuɗin, wata nawa ke nan, sannan in maimaita adadin a iska kowane mako har sai wani mai alƙalami ya ji kunya. Allah ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.