Haƙƙin Matattun Rana Plaza Yana Wuyan Wa?

Ranar 23 ga Afrilu, 2013, aka ga bangon Rana Plaza, wani bene mai hawa takwas a Savar kusa da Dhaka a ƙasar Bangladash, ya tsattsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Washegari aka tisa ƙeyar masu ɗinki na masana'antun tufafin da ke cikin benen zuwa kan kekunansu, har da barazanar riƙe albashi. Da hantsi ginin ya rufta, mutum 1,134 suka rasu, akasarinsu mata.

Rigunan da suke ɗinkawa na kantunan Turai da Amurka ne, irin su Primark da Benetton. To, haƙƙin yana wuyan wa?

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi. Misalinsu sananne ne: wani ya haƙa rijiya, wani ya tura mutum ciki, hukunci yana hawa kan mai turawa. Da wannan ma'auni, mai gini da masu masana'anta su ne masu laifi. Kamfanin da ke Turai kuwa zai ce shi ciniki ya yi, ya biya, ya karɓi kayansa.

Sai dai Malikawa ba su tsaya nan ba. Idan wani ya tilasta wa wani yin kisa, ƙisasi yana hawa kansu su biyun. Kuma a harkar tufafi, tilas ba ya buƙatar takobi. Tun daga 2005, lokacin da aka soke ƙayyade adadin tufafin da kowace ƙasa za ta shigar kasuwannin Yamma, mai saye yana iya kwashe odarsa daga Sin zuwa Bangladash ko Biyetnam cikin kaka ɗaya. Mai masana'antar da ya nemi ƙarin kuɗi don gyaran gini, ko jinkirin mako guda, ya san abin da zai biyo baya. A lokacin da ginin ya rufta, mafi ƙarancin albashin mai ɗinki a Bangladash taka 3,000 ne, kusan dala 38 a wata. Wanda ya yanka farashin da wa'adin, yana riƙe da ikon tafiya duk sa'ad da ya so, da wuya ya ce iyakarsa haƙa rijiya.

Tafiyar ma ba ta wanke kowa, tunda wanda aka rufe wa masana'anta ba ya cin tsarkin niyyar mai saye. Kamfanin Disney ya janye daga Bangladash a shekarar 2013. Kamfanoni sama da 200 kuwa sun zauna, suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ɗaure su a shari'ance kan binciken gine-gine da gyaransu. Walmart da Gap sun ƙi, suka kafa tasu mai sassauci. Asusun diyyar mamata, na dala miliyan 30, bai cika ba sai Yunin 2015, bayan an shafe shekara biyu ana bin wasu kamfanonin da roƙo.