Salamar da Ba Ta Jiran Gari Ya Waye

A shekarar da na gama bautar ƙasa muka binne mahaifina. Na dawo gida da takardar digiri a jaka, na tarar da bashin asibiti da ƙanne uku waɗanda aka koro daga makaranta. Na yi wata 18 ina zaga ofisoshi neman aiki, ba wanda ya kira ni. Ana cikin haka wani abokina na jami'a ya jefo mini tambayar da ta tsaya mini a rai: "Wai me bangaskiyarka ta tsinana maka? Ai maganin barci ce da talaka ke sha don ya manta da yunwa."

Ban raina maganarsa ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Na san masu fakewa da addu'a su naɗe hannu. Ni kaina na tashi da zaton cewa duk mai bin Ubangiji, bayan wuya sai daɗi, kuma nan da nan. Da daɗin ya yi jinkiri, sai na daina zuwa sujada.

A wurin mahaifiyata na fara samun amsa. Kullum da asuba takan durƙusa ta yi addu'a, wani lokaci har da hawaye, sa'an nan ta tashi ta hura wuta ta ɗora kaskon ƙosai. Mai shan maganin barci ba ya rigan zakara tashi. Matan zumunta kuwa suka yi ta zuwa, wannan da mudun masara, waccan da kuɗin adashe, har ƙannena suka koma aji.

Sai na ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki na Baba, na sake karantawa da idon wanda ya ɗanɗana rashi. Na ga Ayuba bai haɗiye baƙin cikinsa ba, ya yi kuka, ya yi wa Allah tambayoyi masu zafi, amma a ƙarshe abokansa uku masu tsararrun amsoshi aka tsawata wa. Na ga Manzo Bulus yana ɗaure a kurkuku lokacin da ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar da ke cike da zancen farin ciki. Na ga Yesu Almasihu a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba, ya miƙe ya nufi gicciye.

Daga nan na gane kuskurena: na mai da bangaskiya ciniki, in ba da biyayya a ba ni sauƙi. Alhali abin da take bayarwa shi ne tabbacin cewa Allahn da nake kira ya san azaba da jikinsa, kuma darajata ba ta rataye a kan takardar ɗaukar aiki ba. Wanda ya riƙe wannan zai iya yin kuka ba tare da ya fid da rai ba.

Har yau ban sami aikin albashi ba. Ina koyar da yaran unguwa lissafi a zauren gidanmu, saura kaɗan mu gama biyan bashin. Abokina ya sake tambayata kwanan baya ko gari ya waye. Na ce masa tukuna, amma yanzu ina barci, kuma da asuba ni ke hura wa Mama wuta.