Bayan An Kwance Zare

A ƙarshen watan Agustan 2023, wani gidan kallon ƙwallo da nake zuwa a Birnin Kebbi ya rikice da gardama tun ba a fara wasa ba. Manchester United ta sanar cewa Mason Greenwood ba zai sake taka mata leda ba. An kama shi a Janairun 2022 bayan wasu hotuna da muryoyi sun bazu a intanet, aka tuhume shi da laifuffuka har da duka, sannan a Fabrairun 2023 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar, suka ce manyan shaidu sun janye kuma an sami sabbin bayanai. Shi ya musanta laifin, kotu ba ta taɓa kama shi da komai ba. Wani abokina, ɗan United na gani-kashe-ni, ya juyo ya ce da ni, "Malam, ina ruwanmu da cikin gidansa? Ƙafarsa muka zo kallo."

A ranar ban iya ba shi amsa ba. Amsar da nake da ita yanzu ma ba daga Ingila na samo ta ba, daga fagen dambe na Argungu ce.

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi, wanda aka faro tun 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya san ba a Matan Fada kaɗai ake taruwa ba. Akwai kokawa, akwai dambe. Ka tsaya ka dubi yadda ake damben. Ana naɗe wa mutum hannu ɗaya da zare har ya zama kamar dutse. Abokin karawarsa ma an naɗe masa. Kowa da ƙafarsa ya shigo, kowa ya san abin da ya kawo shi. Akwai mai raba su. Da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, ba a ƙara wa wanda ya faɗi. Wato duk ihun da muke yi, ba don mutum ya iya duka kawai muke yi ba. Jaki ma ya iya harbi. Muna yi ne don ya iya duka a cikin ƙa'ida, a kan wanda ya yarda, kuma daidai da shi.

To idan mutumin nan ya koma gida, aka kwance zaren, ya ɗaga hannun a kan matarsa, me ya rage daga abin da muka yaba? Ba ta shigo fage ba, ba a naɗe mata hannu ba, babu mai rabo, kuma idan ta faɗi babu wanda zai ce an gama. A nan nake ganin maganar abokina ta karye. Yana so ya raba gwanin da mutumin, amma mu da kanmu ba mu taɓa raba su ba. Saurari yadda Ɗan Anace ya waƙe Shago: namiji ake yabo, sukutum ɗinsa, ba damtse kaɗai ba. Yaran unguwa ba naushin gwani kawai suke kwaikwayo ba, har tafiyarsa da yadda yake magana. Idan a lokacin yabo mun haɗa komai mun ɗora masa, ba daidai ba ne ranar da abin kunya ya fito mu ce ai ƙafarsa ko hannunsa kawai muka sani.

Inda kuɗi suka yi yawa, abin ya fi fitowa fili. A Disambar 2011 wata kotu a Las Vegas ta yanke wa ɗan damben Amurka Floyd Mayweather ɗaurin kwana 90 bayan ya amsa laifin dukan uwar 'ya'yansa. Sai aka ɗage masa shiga gidan yari zuwa 1 ga Yuni 2012, don ya samu ya dambata da Miguel Cotto a watan Mayu, saboda lauyoyinsa sun nuna irin kuɗin da damben zai kawo wa garin. Ya yi damben, ya ci, ya kwashi miliyoyin daloli, sannan ya je ya yi wata biyu aka sake shi. Hukunci ne ya tsaya ya jira dambe.

Labarin Ray Rice ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗan wasan ƙwallon Amurka ne a Baltimore Ravens. A Fabrairun 2014 ya naushi wadda zai aura a cikin lif na wani otal har ta suma. Hukumar wasan ta san da maganar, ta dakatar da shi wasa biyu kacal. A watan Satumba bidiyon cikin lif ɗin ya fito, a ranar ƙungiyarsa ta sallame shi. Tsakanin Fabrairu da Satumba naushin bai ƙara nauyi ba, ganinsa kawai aka yi. A sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta muna da wata ɗabi'a: idan mai amfani ya kawo ƙorafi, muka gwada a na'urarmu ba mu ga matsalar ba, sai mu rufe maganar. Na sha yin haka, daga baya ya bayyana mai ƙorafin ne ke da gaskiya. Matar da ke cikin gida a Argungu ko Ambursa ba ta da kyamara a ɗakinta. Idan sai mun ga bidiyo za mu yarda, to mun gaya mata ke nan kada ta ɓata bakinta.

Ba na cewa babu abin dubawa a ɗaya ɓangaren. Zargi ba hukunci ba ne, kuma mai suna ba ya rasa mahassada. Akwai kuma abin da ya fi wannan wuya. Ɗan damben ƙauye ba Mayweather ba ne. Abin da ya samu a fage bayan kaka, da liƙin da aka yi masa, shi ne cefanen gidan. Ka hana shi fage, matar da kake son karewa ita za ta fara kwana da yunwa, wataƙila ma a kanta zai huce. Shi ya sa mata da yawa suke janye ƙara, kuma ban ga laifinsu ba.

Amma dole a bambanta abu biyu. Ɗauri aikin kotu ne, yana buƙatar shaida. Girmamawa kuwa kyauta ce, mu muke bayarwa, kuma muna da ikon riƙewa. Mai shirya gasa da ya ji ƙorafi mai ƙarfi yana iya kiran mutum ya tambaye shi, ya tura a ji ta bakin matar da waliyyanta, ya ce bana ba za ka fito ba sai mun ga ka daina. Ai idan aka kama ɗan dambe ya cusa ƙarfe cikin zare, babu mai jiran alƙalin kotu kafin a fitar da shi.

Dokar ma baki biyu gare ta. Sashe na 55 na kundin Penal Code, wanda Arewa ta gada tun 1960, ya bar wa miji damar "ladabtar" da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Dokar VAPP ta 2015 ta mai da dukan mata ko miji laifi, kuma Kebbi ta amince da tata a zamanin Gwamna Atiku Bagudu. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke bi, matar da ta tabbatar ana cutar da ita tana iya neman a raba auren, kuma Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace da hannunsa ba. Duk da haka, abin da mace ta fi ji idan ta yi yaji shi ne, "Yi haƙuri ki koma, tsakanin miji da mata sai Allah." Idan mijin mai suna ne sai a ƙara mata da, "Kada ki zubar masa da mutunci," kamar ita ce ta ɗaga hannu.

Ina yaro akwai wani ɗan kokawa a unguwarmu. Duk wanda ke makwabtaka da shi ya san kukan da ke fitowa daga gidan da dare, mu yara ma mun sani. Shekarar da ya kayar da wani baƙo, aka ɗauko shi a kafaɗa har ƙofar gida, ina cikin masu gudu a bayansa ina ihu. Matarsa ta leƙo daga zaure ta koma. Na tambayi mahaifiyata me ya sa ba ta yi guɗa ba, ta ce in wuce in wanke ƙafata.

Greenwood ya tafi Getafe aro, a 2024 Marseille ta saye shi, yana ta zura ƙwallaye. Abokina yakan turo mini bidiyon ƙwallayen ta WhatsApp. Wasu na buɗe na kalla, kuma sun yi kyau.