Duba Gida Kafin Saye: Munana Zato Ne?

Wata yayata ta haɗa kuɗin gadonta da na adashi ta ba maigidanta ya saya masu gida. Da rani aka yi cinikin, gida ya sha sabon fenti. Ta so a kawo magini ya duba, sai maigidan ya ce ai mai gidan abokin sahunsa ne a masallaci, kunya ba za ta bar shi ba. Ruwan Agusta na sauka, bangon ɗakin yara ya buɗe, tsakar gida ta zama tafki. Yau ko gaisawa ba sa yi.

To shin bincikar kayan ɗan uwa musulmi munana zato ne? Ni dai a ganina a'a. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya nisanta kansa daga mai ha'inci. Duba fa, wanda ya fi kowa kyautata zato bai tsaya a kallon sama ba.

Saboda haka 'yar uwa, ki roƙi maigida ku je tare, don ke ce mai wuni a gidan. Idan da hali a je da damina, bayan an ɗauke ruwa. A ɗauki magini ko injiniya wanda ba dillali ne ya kawo shi ba, tunda shi dillali la'adarsa sai ciniki ya faɗa. Zai duba tsagewar bango, musamman wadda ta yi karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, da shatin ruwa a silin da gindin gini. Zai leƙa katakon rufi ko gara ta ci, ya ga inda ruwan tsakar gida ke fita, da tazarar da ke tsakanin salga da rijiya. A sa mai gyaran wuta ya duba wayoyi. Takardu kuma a tantance su a ma'aikatar ƙasa, idan gidan gado ne a tabbatar duk magada sun yarda. A tambayi maƙwabta, su ne suka san unguwar da damina.

Wata za ta ce ai shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya idan babban aibi ya bayyana wanda aka ɓoye masa. Haka ne. Amma kafin alƙali ya yi hukunci, kuɗi sun shiga wata hidimar, zumunci kuma ya riga ya lalace. Kunyar yini ɗaya ta fi gabar shekaru sauƙi.

Sai dai mu ma mu binciki kanmu. Ranar da gidanmu za a sayar, za mu bari a shafe tsagar da fenti mu yi shiru? Mu tuna wa mazajenmu cewa faɗin aibi kan rage farashi, amma ɓoye shi albarka yake cirewa, kuma da kuɗin za a ciyar da 'ya'yanmu.

Allah ya tsare mu daga cuta da cutarwa, amin.