Ƙwarya da Abin da ke Cikinta

Karanta: Fitowa 12:21-27, Luka 24:1-12

Ɗan'uwa mai karatu, idan kana zaune a Zongon Kumasi, wataƙila wani maƙwabci ya taɓa ce maka Ista bikin Turawa ne, kuma asalinsa tsafi ne. Me za ka amsa masa? Ko ya dace mai bi ya riƙe al'adar da ya gada daga wasu mutane?

Bari mu faɗi gaskiya. Wani malamin ikilisiya a Ingila mai suna Bede, wanda ya rasu a shekara ta 735, ya rubuta cewa sunan Ista ya fito ne daga sunan wata allahiya, Eostre, wadda kakanninsu suke yi wa biki a wannan wata. Amma idin kansa ya riga Ingila karɓar bishara. Tushensa Idin Ƙetarewa ne, lokacin da aka gicciye Yesu Almasihu, ya kuma tashi a rana ta uku.

Dubi al'adun gidajen Ingila. A zamanin dā ba a cin ƙwai cikin azumin kwana 40 kafin Ista, kaji kuwa ba su daina saka ƙwai ba. Sai ran idi a dafa, a rina, a ba yara. Daga baya aka koyar cewa ɓawon ƙwai da ya fashe yana tuna mana da kabarin da ya buɗe. Ran Juma'ar gicciye suna cin burodi mai alamar gicciye, ran Lahadi kuma naman ɗan rago. A 1875 kamfanin Cadbury ya fara yin ƙwan cakulan. Yau yara da yawa a can sun san cakulan, ba su san labarin kabarin ba.

Mu ma a Gana muna da namu. Ran Juma'a masu bi suna sa baƙaƙen kaya kamar masu makoki, ran Lahadi su fito da fari tas. Motoci suna cika da masu tafiya Kwahu. Ran Litinin iyalai su fita shaƙatawa.

Al'ada ƙwarya ce. Ba a tambayar wanda ya fafe ta, abin da aka zuba a ciki shi ake sha. Farin zane zai iya ɗaukar bishara, zai kuma iya zama gasar ado kawai.

Shi ya sa Musa ya gargaɗi Isra'ilawa cewa wata rana 'ya'yansu za su tambayi ma'anar idin, kuma wajibi ne iyaye su ba da amsa. Idan 'yarka ta tambaye ka dalilin baƙin kaya ran Juma'a da fari ran Lahadi, kana da amsa? In ba ka da ita, ƙwarya kawai za ta gada, ranar baƙin ciki kuwa ba za ta sami abin sha a ciki ba.

A wannan Ista, kafin a buɗe tukunya, tara iyalinka ka ba su labarin matan da suka je kabari da sassafe suka tarar an kawar da dutsen. Sa'an nan ka aika wa maƙwabcin nan da abinci, kamar yadda yake aiko maka da nama ran Layya.

Addu'a: Ya Uba, ka cika idinmu da sanin Ɗanka wanda ya tashi daga matattu. Ka ba mu bakin koya wa 'ya'yanmu. Cikin sunan Yesu, Amin.