Ƙasar Da Ake Sayen Numfashi

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, an tambaye mu a Kura game da shirin wasu attajiran Amurka, irin su Elon Musk, na gina gari a duniyar Mars. Shin zai yiwu? Kuma ya halatta?

Kada ka bi masu cewa zuwa sararin sama kafirci ne, ko ƙarya ce. Shaihu Bin Baz ya bayyana cewa babu nassin da ya kore yiwuwar isa ga wata. Mutum 12 sun taka shi tsakanin 1969 da 1972, a shirin da ya ci wajen dala biliyan 25. To, amma ziyara daban, zama daban. Babu wanda ya wuce kwana uku da 'yan sa'o'i a can.

A 1991 an rufe mutum takwas shekara biyu cikin wani katafaren gini na gilashi a jihar Arizona, da gonarsu da ruwansu, don a gwada ko za su rayu ba da taimakon waje ba. Yunwa ta ramar da su, iskar shaƙa ta yi ta raguwa, sai da aka ɗura musu daga waje. A doron ƙasa fa ke nan! Ina ga Mars, tafiyar wata bakwai, wurin da iskarsa ba ta shaƙuwa, sanyinsa kuma yana kisa?

Amma mu ƙaddara sun ci nasara. A nan ne tambayar take, kuma kai ɗan Kura da Bunkure ka fi ɗan birni gane ta. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta kanal zuwa Kadawa. Alheri ne babu shakka: shinkafa, alkama, tumatir, a tsakiyar rani. Sai dai an tayar da dubban mutane daga gidajensu kafin ruwan ya taru, mutanen fadamun Haɗeja da Nguru kuma suka ga ambaliyar da suke noma da ita ta ragu. Kuma ka san halin mai gona a ƙarshen kanal. Shukarsa tana yaushi, shi kuwa yana jiran na sama ya ga dama ya saki ruwa. Wani har kwana yake a bakin kanal, wani sai ya miƙa abin goro.

Yanzu ka ɗauki wannan hali, ka cire ruwa, ka sa numfashi. A Mars duk iskar da mutum zai shaƙa inji ne zai samar da ita, injin kuma yana da mai shi. Wa zai iya ce wa mai injin ya ji tsoron Allah? Manomin da aka zalunta a nan yana iya tattara kayansa ya tafi ci-rani. Na can ina zai je?

Ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Iska ba ta ma zo cikin lissafin ba, domin Allah bai sanya ta a hannun kowa ba. Saboda haka ba mu haramta bincike, amma garin da rai yake hannun kamfani, mu ba mu ga dalilin da mai hankali zai yi kwaɗayinsa ba.

Kai da gonarka take a sama, wannan magana da kai ake yi. Idan ka toshe ruwa da dare bayan rabonka ya wuce, kai ne mai injin a wurin maƙwabcinka na ƙasa. Ka je ka buɗe masa, ka nemi ya yafe maka na bara.