Tsibirin Sapelo: Hijir ne ko Uhudu?

Iyayenmu ba su san tafiya don kallo kawai ba. Mutum yakan bar gida don fatauci, ko neman karatu, ko sada zumunta, ko ya nufi gabas ya sauke farali. Wanda ya ɗauki jaka ya ce zai je ya ga ruwa da itatuwa ya dawo, da wuya mutanen unguwarmu su ɗauke shi mai abin yi. Yau zamani ya sauya. 'Ya'yanmu da ke zaune a ƙasashen waje, idan ka kai musu ziyara, babbar karramawar da za su yi maka ita ce su sa ka a mota su kai ka bakin teku. Ban ga laifin haka ba, domin Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Sai dai abin da aka ce a duba iri biyu ne. Wani wurin an ce a duba yadda Allah ya fari halitta, wurare masu yawa kuma an ce a duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. To, idan biyun suka haɗu a fili guda, kyawun halitta da tabon zalunci, me ya kamata Musulmi ya yi? Ya zauna ya ji daɗi, ko ya sunkuyar da kai ya wuce?

A gaɓar jihar Jojiya, kudu maso gabashin Amurka, wannan tambaya ta same ni. Tsawon gaɓar bai wuce mil 100 ba, amma a gabanta tsibirai sun jeru sun tare wa tudu ƙarfin Tekun Atlantika. Huɗu kaɗai daga cikinsu mota ke shiga, wato Tybee, St. Simons, Sea Island da Jekyll, sauran sai da jirgin ruwa. Tsakaninsu da tudu akwai fadamar ruwan gishiri, ciyawa shar har iya ganinka, da ƙananan rafuka suna karkaɗawa a cikinta. Sau biyu a kowane kwana teku ke cikowa, ruwa ya haura wajen mita biyu, sannan ya janye ya bar taɓo cike da ƙaguwa da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Tsibiran kansu ba a tsaye suke ba. Igiyar ruwa tana zaizaye yashi daga wani gefe tana jibge shi a wani. A arewacin Jekyll teku ya cinye daji, ya bar manyan itatuwa matattu a kwance a kan yashi, gishiri da rana sun faranta su, saiwoyinsu a sama. Mutane na zuwa nan ɗaukar hotunan aure. A kudancin wannan tsibiri kuma, cikin watan Nuwamba 1858, jirgin da ake kira Wanderer ya sauke 'yan Afirka kusan 400 a ɓoye, shekara 50 bayan dokar Amurka ta hana shigo da bayi.

Amma Sapelo ne ya tsaya mini a rai. Daga wani ɗan gari mai suna Meridian ake hawa jirgin fito, tafiyar kusan rabin sa'a a cikin fadama. Babu otal-otal masu benaye, babu cunkoson motoci. Akwai hasumiyar fitila da aka gina a 1820 don jagorantar jiragen ruwa, akwai hanyoyin yashi ƙarƙashin manyan itatuwa masu wani tsiro mai launin toka yana reto daga rassansu, akwai kuma bakin tekun Nanny Goat, farin yashi mai faɗi da jigayi a bayansa, inda kunkurun teku ke fitowa da dare a lokacin zafi su binne ƙwai. Zan iya cewa ban taɓa ganin wuri mai natsuwa irinsa ba.

A farkon shekarun 1800 wani attajiri, Thomas Spalding, ya mallaki kudancin tsibirin, ya kafa gandun auduga da rake, bayi ɗaruruwa suna noma masa. Sarkin gandunsa wani mutum ne mai suna Bilali Muhammad, haifaffen Timbo a Futa Jalon, ƙasar Gini ta yau. An kama shi yana matashi, an fara kai shi tsibiran Bahamas, daga can aka kawo shi Sapelo. Waɗanda suka san shi sun ce yana sa jar dara, yana azumi, yana da Alƙur'ani da buzun salla. Cikin 'ya'yansa mata akwai Fatima, akwai Madina, akwai Bintu. A watan Satumba 1824, da mahaukaciyar guguwa ta afka wa gaɓar, shi ne ya tattara mutane ya shigar da su gine-ginen da aka yi da ɓawon kawa da farar ƙasa, rayuka masu yawa suka tsira. Kafin rasuwarsa wajajen 1857 ya miƙa wa wani fasto marubuci, Francis Goulding, ɗan littafi mai shafi 13 da ya rubuta da hannunsa da haruffan Larabci. Yau littafin yana ɗakin karatu na Jami'ar Jojiya.

Shekaru da yawa Turawa sun ɗauka littafin tarihin rayuwarsa ne. Sai a ƙarshen shekarun 1930 wani masanin harsuna, Joseph Greenberg, wanda ya zo bincike ƙasar Kano, ya nuna wa malamanmu kwafinsa. Da farko ya gagare su karantawa, domin haruffa sun cakuɗe, an rubuta kalmomi yadda kunne ya riƙe su. Da aka natsu aka bi shi sannu, sai ga hukuncin alwala, ga kiran salla, ga sallar asuba. Greenberg ya wallafa bincikensa a 1940, ya danganta rubutun da Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani. Wasu masana daga baya sun ce Bilali tsara nasa ya yi daga abin da ya haddace. Ko wanne ne, duk wanda ya zauna a zaure ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya kai Risala ya san wannan karatun. Karatunmu ne. Dattijo ne ya zauna, bayan shekaru fiye da hamsin ba malami ba littafi ba jam'i, yana tono abin da aka biya masa yana yaro don kada ya mutu tare da shi.

Da wannan a cikina na isa bakin teku, shi ya sa ɗan ƙanwata da ya kawo ni ya kasa haƙuri. Ya ce, "Kawu, tun da muka sauka daga jirgi fuskarka a ɗaure take. Hutawa muka kawo ka ka yi. Da waɗanda suka yi zaluncin da waɗanda aka yi wa, duk sun riga mu gidan gaskiya. Ruwan nan bai cuci kowa ba." Na ce masa, "Ɗana, ba ni lokaci in yi tunani, maganarka ba ta yarwa ba ce."

Abin da ya fara zo mini shi ne Hijir, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu. A shekara ta tara bayan hijira, kan hanyar Tabuka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta wurin. Gidaje ne sassaƙaƙƙu a jikin duwatsu, abin kallo na gaske har gobe. Amma ya lulluɓe kansa, ya sa abin hawansa ya yi sauri, ya hana sahabbai shiga gidajen sai in suna kuka, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyin garin, ƙullin da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma. Wannan hujja ce mai ƙarfi a kan cewa wuri yana ɗauke da abin da aka aikata a cikinsa, kuma akwai inda shaƙatawa ta zama gafala. Na ji nauyinta a gaban katafaren gidan da ke kudancin tsibirin, wanda aka sake ginawa a kan kufan gidan Spalding, magajin attajirin taba, R. J. Reynolds ƙarami, ya saye shi a 1934. Ana zagaya da baƙi ana nuna musu ginshiƙai da gumaka da wurin wanka. Ban iya daɗewa a can ba, ban kuma ga dalilin da zai sa in yi sha'awar abin da aka kafa harsashinsa da gumin wanda ba a biya ba.

Sai dai akwai Uhudu. A gindin wannan dutse aka kashe Sayyidina Hamza da sahabbai kusan saba'in, aka ji wa Annabi rauni a fuska. Idan akwai wurin da ya cancanci a ƙaurace masa saboda baƙin ciki, shi ne. Amma Annabi ya riƙa komawa yana ziyartar shahidan, ya kuma bayyana cewa akwai ƙauna tsakanin Musulmi da dutsen. Bambancin a fili yake. Hijir gidan azzalumai ne da aka halaka suna kan taurin kai. Uhudu makwancin waɗanda suka tsaya kan gaskiya ne aka zubar da jininsu. Ba yawan hawayen da aka zubar a wuri ke sa a guje shi ba, ana duba su wane ne masu wurin.

To su wa ke da Sapelo? A takarda Spalding ne, daga baya wani mai suna Howard Coffin a 1912, bayansa Reynolds, yau kuma gwamnatin jiha ce ke riƙe da kusan dukan tsibirin. Amma waɗanda suka sare dajinsa, suka haƙa magudanansa, suka binne iyayensu da jariransu a ƙasarsa, su ne suka fi kowa daɗewa a kai, jikokinsu na nan har yau. A ganina wannan ya raba gardama. Gidan maigida yana da hukuncin Hijir, a duba a ɗauki izina a wuce. Yashi da fadama da maƙabartar Behavior, inda zuriyar bayin ke binne mamatansu, sun fi kusa da Uhudu. Tekun nan yana gabas da tsibirin. Duk asubar da Bilali ya shimfiɗa buzunsa, wannan ruwan yake fuskanta, kuma bayan ruwan ƙasarsa ce. Allah bai hana shi ganin fitowar rana a kansa ba don yana bawa, kuma ba na jin ƙaurace wa abin da ya gani zai zama girmamawa gare shi. Saboda haka na tuɓe takalma na shiga ruwan, na yi alwala da shi, hukuncin da muka karanta a zaure cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne tun ba mu taɓa ganin teku ba. Na yi azahar a kan yashi, na yi wa Bilali da Musulmin da ke kwance a tsibiran nan addu'a, har da Salihu Bilali, Bafillacen Masina da ya yi bauta a St. Simons. Bayan nan na ji daɗin wurin ƙwarai, ba tare da jin na ci amanar kowa ba. Ɗan ƙanwata ya yi gaskiya game da ruwan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa mutuwa ta rufe magana.

Ba ta rufe ba, domin zuriyar tana raye. Kuma a nan akwai abin da ke sosa zuciyar Musulmi, ba zan ɓoye shi ba: jikokin Bilali Kiristoci ne, cocinsu na farko an kafa shi a 1866. A shekarun 1930 wata tattaɓa-kunnensa, Katie Brown, ta ba masu tattara tarihi labarin yadda shi da matarsa ke jan carbi, suna ibada a lokuta sanannu, da yadda kakarta ke daka jiƙaƙƙiyar shinkafa da zuma ta dunƙula ta raba wa yara, suna kiran abin saraka. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu aka ba shi gumbar sadaka yana yaro ya gane wannan. Abin da ya tsallake ke nan, sallar kuwa ba ta tsallake ba. Wani zai ce wahalar Bilali ta tafi a banza. Ni ban faɗi haka ba. Ba a ɗora wa bawan Allah sakamako ba, aiki aka ɗora masa, shiriya kuma ko Annabi bai mallake ta ga wanda yake so ba. Mutumin da aka hana shi masallaci da makaranta da 'yancin kansa, ya riƙe salla har kabari, ya kuma rubuta abin da ya sani, ya sauke nasa. Mu da muke da komai a hannu ya kamata mu ji tsoron a auna mu da shi.

Kada kuma mu tsaya a bakin tekun wasu muna nuna yatsa kamar hannunmu tsarkakakke ne. Ƙasarmu ta san rinji da gandu da sarkin gandu, kasuwanninmu sun ga an yi cinikin ɗan Adam, kuma akwai gidaje har yau da ake hana aure saboda an ce asalin wane bawa ne. Wanda ya yi kuka a Sapelo ya dawo gida ya goranta wa maƙwabcinsa asali bai ga komai ba a tafiyarsa.

Zuriyar bayin, waɗanda ake kira Gullah Geechee, sun taɓa zama a ƙauyuka da dama a tsibirin. Wasunsu sun haɗa kuɗi sun sayi ƙasa a Raccoon Bluff tun 1871. A zamanin Reynolds aka tattara su wuri guda, Hog Hammock, fili mai eka 434, kuma mazaunansa na dindindin yau ba su kai mutum ɗari ba. Marigayiya Cornelia Walker Bailey, jikar Bilali ta nesa da ta rasu a 2017, ta ƙarar da rayuwarta tana kare wannan ƙauye, tana farfaɗo da noman jan wake da rake irin na kakanninta. Yanzu masu kuɗi daga waje na sayen filaye don gina gidajen hutu, haraji na hawa, kuma a 2023 hukumar gundumar McIntosh ta ninka girman gidan da aka yarda a gina a ƙauyen, abin da mazauna suka ƙalubalanta a kotu. Kyawun da ya kawo ni shi ne yake neman korarsu. Addininsu daban da nawa, amma addu'ar wanda aka zalunta ba ta da shamaki, ko wane ne shi.

Don haka, ɗan'uwa, idan Allah ya kai ka gaɓar Jojiya, je ka Sapelo, ka shiga ruwan, ka gode wa wanda ya halicce shi. Amma ka nemi ɗan ƙauyen ya zagaya da kai, ka biya shi haƙƙinsa cikakke, ka sauka a masaukinsu, ka sayi wakensu. Kada ka shiga maƙabartarsu sai da izininsu. Idan kuma kana da yara tare da kai, ka gaya musu sunan Bilali Muhammad na Timbo kafin ku sauka daga jirgin.